Ƙuri'ar da Ta Tsallake Gidan Alhaji Issaka

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, akwai wata rana a Salaga da har yau ba ta fita raina ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ina ƙaramin malamin jami'a a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Aikina shi ne koya wa ɗalibai dabarun bincike, in kuma bi su fili lokacin dogon hutu in ga ko abin ya zauna.

Cikin ɗalibaina akwai Memuna, 'yar unguwar zango ta garin Yendi, mai kaifin kai da saurin kuka. Tana binciken yadda mata 'yan kasuwar doya na wata unguwa a Salaga ke jure damuwa idan kaya ya lalace. In ba ta gama ba kafin a koma makaranta, sai ta maimaita shekara.

Ga wanda bai san aikin ba, mai bincike ba ya iya shiga kowane gida, kuma ba a yarda ya zaɓi gidajen da ransa ke so. Ƙuri'a ake yi, gidan da ya fito shi za a shiga. Memuna ta yi tata ita kaɗai a ɗaki, daidai yadda na koya mata.

Na sauko daga lorin Bawku a Salaga ke nan na tarar da ita ido ya kumbura.

"Ticha, an rufe min ƙofa ko'ina. Wai na shiga gidan dama, na shiga gidan hagu, na tsallake na Alhaji Issaka."

Alhaji Issaka jikan fataken goro ne, kuma baƙo ba ya taka unguwar nan bai fara zuwa zaurensa ba. Shi a ganinsa raini ne tsagwaronsa. Ko ɗaga murya bai yi ba, matan unguwa suka fahimta, suka rufe wa Memuna ƙofa.

"Mu ƙara gidansa kawai, wa zai sani?" in ji Memuna.

Na ce a'a. Gidan da aka sa da hannu don a faranta wa wani ya ɓata aikin duka. Na faɗa ne da ƙarfin hali kawai.

Muka sayi goro muka je zauren Alhaji muka durƙusa. Na yi bayani, Alhaji yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Malam, ƙuri'ar da aka yi a ɗaki ba shaida, wa ya gani?"

Gaskiyarsa. Na roƙe shi a soke ta farko, a sake a gaban jama'a, shi da kansa ya ciro. Memuna ta harare ni, don hirarrakin da ta riga ta yi sun tashi a banza.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Aka rubuta sunan kowane gida a 'yar takarda, aka nannaɗe, aka zuba a ƙwarya. Alhaji ya naɗe hannun riga yana cirowa, liman yana karantawa. Ni kuwa addu'a nake a zuci Allah Ya sa gidansa ya fito mu huta.

Aka cika adadin da muke bukata. Gidan Alhaji bai fito ba.

Memuna ta sunkuyar da kai. Alhaji ya dubi ƙwarya, ya dubi hannunsa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Da hannuna na tsallake gidana! To wa zan yi wa fushi?" Ya juya wajen Memuna. "'Yata, tashi ki yi aikinki. Wadda ta hana ki shiga, ki turo ta wurina."

Daɗi ya kama ni. Memuna ta gama a kan lokaci, ta ci jarrabawarta.

Ku da ke shiga aikin nan yanzu, kada ku lanƙwasa ƙa'ida don tsoron babban mutum, amma kada ku ɓoye masa ita. Mutanenmu suna iya haƙura da rashin samu, in dai an yi rabon a gaban idonsu.