Ranar da Na Sallami Masu Dubiya

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu yaɗa cewa an yi min sammu, ku kwantar da hankalinku, ga ni da raina.

Ciwon ciki ne. Ya fara da murɗa ƙasan cibiya, ya koma kamar ana matse tsumma. Na rame har zobe ya daina zama a yatsana.

An gwada jini, an gwada bahaya, an yi hoto, an zura min na'ura ta maƙogwaro. Sai da na sayar da ɗankunnena. Na ji tsoro sosai, don na gama sa wa raina ciwon daji ne.

Sakamako ya fito, komai lafiya lau. Nan take dangi suka yanke hukunci: raki ne.

Wata likita ce ta ajiye biro ta tambaye ni, "Hajiya, yaushe ya fi tashi?"

Na ce idan an kira ni daga gida.

Ni ce babba a gidanmu na Ƙofar Na'isa. Tun rasuwar Inna aka ce na zama uwa. Ƙannena biyu, Sabo da Habu, masu furfura a gemu, ba sa iya raba tsintsiya sai an ɗauko ni daga gidan mijina.

Likitar ta ce, "Ciwonki gaskiya ne. Damuwa tana sa jiki ya saki wasu sinadarai, garkuwar jiki ta tsokano jijiyoyin hanji. Motsin da wani ba zai ji ba, ke sai ki ji shi kamar yanka. Ga magani, amma in ba ki samu hutu ba, aikin banza ne."

Na kwanta hutu. Sai dubiya ta ɓarke.

Kun san dubiyar cikin gari. Ba a hana kowa shiga, ba kuma a cewa mutum ya tashi. Aka cika min ɗaki da lemo da ayaba da shawara. Wannan ta ce kanwa, waccan ta ce hayaƙi, kowa ya zama likita a bakin gadona.

Ran nan Sabo da Habu suka zo. Ko sannu ba su gama ba, Sabo ya ce, "Yaya, indararon Habu har yanzu a tsakar gidana yake zuba."

Ina kwance, cikina ya ɗaure tamau. Na kalli ƙartin nan biyu, sun tako har gadon mara lafiya da shari'ar ruwan sama.

Na ce, "Ku tashi ku tafi. Kada wanda ya sake zuwa sai na neme shi."

Habu ya ce, "Yaya, korarmu kike yi? Me mutane za su ce?"

Sun faɗa kuwa. An ce na yanke zumunci, har wa'azi aka turo min a waya. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na ci abinci ya zauna, na yi barci, ciwon ya yi ta ja da baya.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan, da maigidana da ya zauna a soro yana ba mutane haƙuri.

Shawarata: ku yi gwaji tukuna, kada ku ɗora wa damuwa komai. In an ce ba a ga komai ba, ku faɗa wa likita abin da ke cin ranku. In kun je dubiya, ku yi addu'a ku tashi.

Indararon kuwa, da suka ga ba ni, magini suka kira ya juya shi kafin la'asar. Ashe duk shekarun nan sun iya.