Na'Allah Tela da Jirgin Malam Ayuba

Duk wanda ya zauna Runjin Sambo zamanin soja ya san Na'Allah tela, siririn mutum wanda ƙafarsa ba ta hutawa. Ko a tabarma yake zaune, sai ka ga tana motsi kamar tana taka keke. Aikin allura ya fara koya wurin mahaifinsa a Ƙofar Kware, sai da arzikin mai ya sa kowa son sabuwar riga sannan ya sayi keken ɗinki.

Maƙwabcinsa Malam Ayuba, malamin lissafi, yana da tsohuwar kwamfuta da wani Bature ɗan kwangila ya bar masa. A cikinta akwai wasan jirgin sama na yaƙin duniya na biyu: ka riƙe sanda, ka tashi, ka yi harbi, ka dawo ka sauka. Na'Allah ya je gwada masa riga, ya zauna gaban kwamfutar, shi ke nan.

Harbin bai dame shi ba, sauka ce ta gagare shi. Hannunsa ya saba tura yadi gaba a kan keke. Da ya hango filin sauka sai ya tura sandar, jirgin ya kifa ya kama da wuta.

"Na sake kashe yaron mutane," in ji shi, yana nufin matuƙin jirgin.

"Babu kowa ciki, Tela. Zane ne."

"Zane da hula da tabarau? Wanga yaro shina da uwa, Malam."

Ana nan aka ƙirƙiro sabuwar jiha, aka raba ma'aikata, aka tura Malam Ayuba Birnin Kebbi. Na'Allah ya kasa zama. Ya ɗinka wa wani alhaji aljihu a baya. Ya je gidan Ayuba, babu wuta, ya dawo, ya sake komawa. Shi dai yana so ya kai yaron nan gida ko sau ɗaya kafin a tafi da shi.

Ranar tashi, mota na ƙofar gida, Talatu matar Ayuba tana ɗaure tukwane, aka kawo wuta.

"Maigida, direba fa yana jira."

"Bari Tela ya yi jana'izar ƙarshe."

Na'Allah ya tashi jirgin, ya ƙi harbin kowa, ya juyo. Fili ya bayyana, ƙafarsa tana bugun siminti. Ayuba ya ga kafaɗarsa ta fara tafiya gaba, sai ya ce a hankali, "Bar keke. Yi aikin babanka."

Na'Allah ya jawo sandar zuwa ƙirjinsa sannu sannu, kamar mai jan zare a wuyan babbar riga. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, ya daidaita, ya tsaya.

Da kansa ya naɗe kwamfutar cikin sabon yadi ya kai mota. Har ya tsufa, in ya ba da labarin, hannunsa sai ya taho ƙirjinsa.

"Kada ku bari kowa shi tashe shi," ya ce wa Ayuba ranar. "Ya iso gida."