Gardamar da Garba Direba Ya Bar Mini

Shekara tara ke nan a daminar bana da muka kai Garba Direba makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, can tsakanin Bagwai da Bici. Gero ya fara fitar da kai a lokacin, kamar yadda ya fara yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Duk shekara addu'a nake yi masa in yi shiru, domin Garba ba sarki ba ne, ba malami ba ne, ba kuma attajirin da jarida za ta tuna da shi ba. Bana dai na ɗauki alƙalami saboda wani abu da ya faru bara da kaka, wanda ya sa ni yin magana da bakinsa, ni da na shafe wajen shekara arba'in ina musu da shi.

Tare muka tashi. Ni aka sa ni boko har na zama malamin gona. Shi kuwa yana saurayi ya tafi birni ya shiga bin mota, daga nan ya koyi tuƙi. A Sabon Gari wani makanike ɗan Kudu ya koya masa kaɗa jita, irin wadda ake jona wa wuta ta fito ta lasifika. Zamanin suma a tsaye ne da wando mai faɗin ƙafa. Su huɗu suka haɗa ƙungiya, suna kaɗa irin kiɗan da Turawa ke kira rok, suna koyo daga fayafayan da ake kawowa daga Ikko. Ina makaranta a Kano a lokacin, kuma ranar da na fara jin su ban san tsirkiya tana iya kuka kamar mutum ba sai a wurin. Da mahaifinsu ya rasu Garba ya tattaro ya dawo gida, ya kama tuƙin tarakta da noman gandunsu. Ban taɓa jin ya ce ya yi da-na-sani ba, ko a kan tafiyar ko a kan dawowar.

Abin da bai bari ba shi ne sauraro. A gefen gonarsa akwai wata ɗorawa, nan yake rataye rediyo mai kaset, nan kuma muke zama da la'asar mu buɗe gardamarmu. Matsayina bai taɓa sauyawa ba: kiɗan jita ya ƙare da mutanen zamaninmu. Su hannu ne da su. Mutum zai tsaya shi kaɗai ya ja tsirkiya har ka manta a tsaye kake. Na baya kuwa ƙara ce kawai da hayaniya, sai na'ura mai gyara wa mutum kuskurensa. Garba ba ya yarda. Ranar kasuwar Bici sai ya je wajen masu tura waƙa a waya ya ce a zuba masa duk wani sabon kiɗan jita, na Turawa ne ko na Buzayen Nijar, ya dawo ya kunna mini dole. In na ce masa da tsohuwar zuma ake magani, sai ya ce, "Isyaku, ita ma tsohuwar zumar, ranar da aka ɗebo ta ai sabuwa ce."

Yana da ma'auninsa, kuma daga gona ya ɗauko shi. Cewa yake kiɗan rok ɗan'uwan gangar gayya ne: mutane kaɗan, gumi ɗaya, kowa yana sauraron ɗan'uwansa. In kiɗa ya sa wanda ya gaji ya ƙara kunya ɗaya kafin ya ajiye fartanya, to kiɗa ne, ko jiya aka yi shi. In bai sa ba, to ba kiɗa ba ne, ko da kakanka ya yi rawa da shi.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Lokacinsa sai ka je kasuwa a zuba maka. Yanzu mai kiwon awaki ma yana jawo kiɗan kowace ƙasa yana zaune a gindin bishiya. An ce mini har akwai kwamfutar da za ka ce mata ta yi maka waƙa ta yi, ba makaɗi ba mawaƙi. Shin nan ma zai ce a bari a ji tukuna? Wani lokaci in ga kamar a nan zai sallama mini. Wani lokaci kuma in ji kamar yana dariya yana cewa garmaho, akwatin faifan nan, ma da ya zo haka tsofaffi suka ce, wai aljani ne a cikin akwati.

To, bara bayan an gama yankan gero, matarsa Hajiya Rabi ta aiko a kira ni. Maganar ɗansu Nura ce, wanda yake da shagon gyaran waya a Bici, magidanci da mata da 'ya ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ashe ya daɗe yana kaɗa jita da wasu abokansa. Wasu makaɗa Buzaye sun ji abin da suke yi ta waya, suka gayyace shi Nijar ya yi 'yan watanni da su a cikin rani. Ƙanin Garba, Alhaji Sule, wanda gidan yake hannunsa yanzu, ya ce sam. Ga noman rani ya taho, ga albasa tana jiran dashe a fadama, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Nura bai yi masa musu ba, amma ya daina cin abincin kirki, ya kuma rage zuwa gida.

"Malam," in ji Hajiya Rabi daga bayan labule, "kai ka fi kowa sanin mai gidan nan. Da yana raye me zai ce? Abin da ka faɗa shi zan ɗauka."

Nauyin ya yi mini yawa. Da ra'ayina ta tambaya da tuni na ce yaro ya zauna ya yi albasarsa. Amma na Garba ta tambaya, kuma na san abu na farko da Garba zai yi. Na ce ta ba ni lokaci in je in ji da kunnena.

Na sami Nura da abokansa bayan azahar a wani shago bayan kasuwa, janareta yana ta faman ruri a waje. Su huɗu ne su ma. Nura da jitarsa, wani tela da babbar jita mai kaurin murya, wani ɗalibin kwalejin ilimi a kan ganguna, sai wani mahauci, wanda ya girme su duka, rataye da kalangu. Kalangun nan shi ya fara ɗaure mini kai. Suka shimfiɗa mini tabarma, suka gaishe ni a durƙushe, sannan suka fara.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko kunnena ya ƙi. Jitar Nura ba kuka take yi irin na ubansa ba, gurnani take yi. Sai daga baya na lura kalangu ne yake jan ragamar, jita tana ba shi amsa, kamar mutum biyu suna zance ta kan katanga. Waƙar kuma da Hausa ce, a kan samarin ƙauye da ke tafiya birni da rani, wasu damina ta dawo da su, wasu ba ta dawo da su ba. Sunayen garuruwanmu ne a ciki. Ban yi rawa ba, shekaruna sun wuce nan, amma na kama babban yatsan ƙafata yana motsi a kan tabarma ba da iznina ba.

Da suka tsaya, kafin in buɗe baki Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da mu. Na san ba mu kama ƙafar su babana ba. Gaskiya kiɗan rok ya mutu tun kafin a haife ni. Mu dai kame-kame muke yi."

Ya shiga zayyana mini. Ya san tsofaffin fayafayan nan fiye da yadda na san su. Mutanen da, in ji shi, sau ɗaya suke kaɗawa a naɗa, kuskure da daidai duk a tafi da su; na yanzu kuwa kwamfuta ke yi musu kwalliya. Mutanen da sun ƙirƙiro, na yanzu maimaici suke yi. Kalma bayan kalma, maganata ce ta shekara arba'in take fitowa daga bakin yaron da aka yi sunansa a gabana. Ban taɓa jin ta daga waje ba sai ranar, kuma ba ta yi mini daɗin ji ba. Kamar ka ga saurayi mai jini a jika yana dogara sandar kakansa.

"Kai Nura," na ce, "ni na tsaya a gaban su babanka, kai labari ka ji. Hannu kam suna da shi. Amma kwaikwayo suke yi. Waƙar da suke rerawa rabinta ba su san me take nufi ba. Da wani ya shigo musu da kalangu kunya za ta kashe su, su ce ƙauyanci ne."

"Amma Baba, ko kwaikwayon ne ai sun iya shi."

"Kai kuma wa kake kwaikwaya a waƙar da ka yi yanzu?"

Ya kauce wa tambayar, ya sake ɗauko wata hujja. Ni ma na ɗauko tawa, ko in ce ta ubansa. Sai kiran sallar la'asar ne ya raba mu, kuma sai da na hau mota na tuna ban ma tambaye shi maganar tafiyar ba.

A hanya na yi ta juya abin da idon malamin gona, domin shi kaɗai na iya. Wanda ya sari sabon daji, shekarun farko ƙasa kyauta take ba shi. Ko ba taki zai cika rumbu, a yi ta labarin dammunan da ya ɗaure. A ƙasarmu kuwa daji ya ƙare tun kakanni. Duk inda ka taka gonar wani ce, an nome ta an sake nomewa. Wanda ya gaje ta sai ya kai taki, ya haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ya yi dabara kafin ya ci. Makaɗan da can su ne suka sari dajin, kuma har gobe ina ganin ba za a sake irin dammunansu ba. Amma wa ya fi iya noma tsakanin mai saran daji da mai raya tsohuwar gona? Na yi aikin gona rayuwata duka, ban da amsa.

Bayan na dawo muka zauna a zauren gidan su Garba, ni da Alhaji Sule, Hajiya Rabi tana ji daga ciki. Na ɗauka maganar roƙo zai maimaita, sai ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba.

"Malam, ku kun ji kiɗa. Ni na riƙe fartanya. Duk shekarun da Yaya yake birni ni da Baba ne a gandun nan, ina ƙaramin yaro, ana kirana ƙanin makaɗi. Ban riƙe shi a zuci ba, Allah Ya sani. Amma ba na son ƙannen Nura su ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Wannan ba gardamar kiɗa ba ce, kuma ba ni da abin da zan ce ya fi ta gaskiya. Na gaya musu iyakar abin da na sani. Ba zan rantse cewa Garba zai ce a tafi ba, domin shi da kansa ya ajiye jita ranar da gida ya buƙace shi. Amma ba zai kira abin da ɗansa yake yi roƙo ba, kuma ba zai yanke hukunci a kan abin da bai saurara ba. Alhaji Sule ya ce shi kam ba inda za shi ya saurara.

Hajiya Rabi ce ta raba gardamar. Ta ce Nura ya tsaya a gama dashen albasa da shi, ya bar wa ƙaninsa da zai riƙa ban ruwa rabonsa na amfanin bana, ya kuma dawo kafin a cire ta. Alhaji Sule bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya hana ba. Ya dai tashi ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Nura ya tafi, ya dawo a kan lokaci, ya yi baƙi ya rame, da wani sabon salon ɗaure tsirkiya da ya koyo. Har yau baffansa bai ji kiɗansa ba, kuma in zancen ya taso yakan kau da kai. Suna gaisawa, suna cin tuwo a kwano ɗaya. A gidan gandu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya rage na Garba? Gonarsa ta kansa an raba ta. Taraktar da ya tuƙa ta daɗe da zama ƙarfen awo. Babu ko faifai ɗaya da muryar jitarsa take ciki, kuma waɗanda suka taɓa jin ta da kunnensu ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. In mun tafi shi ke nan. Abin da ya rage wata ɗabi'a ce da ba a rubutawa a takardar gado: mutum ya tsufa bai rufe kunnensa ba.

Yanzu Nura yakan biyo ta gidana bayan sallar Juma'a da wani sabon abu a wayarsa. Wani mako shi ke kushewa ni ina karewa, wani mako mu yi musaya. Juma'ar da ta wuce ya kunna mini wasu 'yan mata daga wata ƙasa mai nisa, suna dukan jita kamar ta yi musu laifi. Da ya ƙare ya dube ni ya ce, "To Baba, sun kai na da?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Sake sa mini in ji."

Allah Ya jiƙan Garba, Ya sa can ta fi masa nan.