Ranar da Dabino Ya Je Wurin Hasumiya

Ranar Alhamis ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika tara, na fara taka jirgin ruwa. A Jidda aka haife ni, amma kafin ranar iyakar sanina da teku shi ne ƙamshin gishirin da iska take kawo mana saman benenmu a Aziziyya idan muna shanya wanki. Da hantsi muka isa bakin tekun Abhur ni da Abba, ina sanye da rigar Sallata ruwan hoda wadda Umma ta ja mini kunne a kanta har sau uku. Ruwan ya kwanta luf, shuɗi a tsakiya, kore-kore a gefe, fararen jirage suna lilo a kansa a hankali kamar masu gyangyaɗi.

Abba, Isa sunansa, mutumin tudu ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Damagaram, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba sai da ya zo aikin Hajji. Shekaru ya yi yana dakon buhuna a wani sito a Khumra, har bayansa ya fara ƙi. Idan ya dawo da yamma sai ya kwanta rub da ciki a tabarma, ni kuma in hau ina tattaka masa baya ina dafe da bango, Umma tana gasa tsumma a bakin murhu. Kafilinsa, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, yana da wani farin jirgin shaƙatawa, mai tuƙa shi kuma wani dattijo ne Bahaushen Sudan da kowa yake kira Baba Rayyis. Tsufa ya kama shi, yana son komawa gida, shi ya sa ya yi wata biyu yana koya wa Abba aikin a ranakun hutu. Wannan Alhamis ce ranar gwaji. In Baba Rayyis ya ce ya iya, a mayar da Abba jirgi. In ya yi shiru, sai buhuna.

Ni kuwa a lokacin sana'ata ɗaya, aurar da abubuwa. 'Yanmatan benenmu sukan taru a matakala suna karanta littattafan soyayyar da alhazai suke zuwa da su daga Kano, ni ina rakuɓe ina kwashe labari. Daga nan na aurar da ludayi ga muciya, na raba takalmin Abba da na Umma don in ga yadda za su yi kewar juna. Sau da yawa ruwan da aka aike ni ɗiba yakan cika ya zube ina tsaye a kansa. "Wannan yarinya, jikinta ne kawai a gidan nan," in ji Umma.

Da jirgin ya tashi, Baba Rayyis ya zaunar da ni can gaba. "Uwargidana, ke ce idonmu yau. Inda ruwa ya yi duhu-duhu ruwan ƙasa, dutsen murjani ne, yana cin cikin jirgi. Inda ya yi fari tas, yashi ne. Nan ake sauke brusi." Brusi shi ne anga, ƙarfen nan mai ƙugiya da yake riƙe jirgi. Na kwanta ina leƙen ƙasan teku, kifaye masu ratsin rawaya suna wucewa ayari-ayari kamar 'yan kai amarya, har muka shiga wani lungu da ruwan ya koma kamar madara a koren gilashi. Na yi ihu, "Fari! Abba, fari!"

Abba ya kashe gudu, ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska yadda aka koya masa, ya saki brusi. Har nan komai daidai. Amma duk benenmu an san Abba da ɗauri. Shi ake kira ya ɗaure ragon layya, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "A ɗaure shi gajere, dab da turke, sai ya natsu." Don haka ƙarfen yana taɓa ƙasa ya janye ragowar igiya, ya tamke ta tsam, ta miƙe tsaye cikin ruwa kamar sanda. Baba Rayyis ya dubi igiyar, ya dubi Abba. Ya ci gurasa da wake, ya sha shayi, ya rufe fuska da rawaninsa ya jingina.

Ni na koma sana'ata. A bakin gaɓa akwai wani dabino dogo shi kaɗai, can bayansa kuma farar hasumiyar wani ƙaramin masallaci, tsakaninsu tazarar da ta kai tafin hannuna. Nan take na san labarinsu. Shi matafiyi ne da ya tsaya a bakin ruwa shekara da shekaru, ita kuma tana tsaye cikin farin mayafi, kunya ta hana ta matsowa. Ina cikin shirya musu abin da za su ce wa juna, iskar azahar ta taso tana kaɗa mini ɗankwali. Sai na ga tazarar ta koma yatsu uku. Ta koma biyu. Dabino ya sunkuya ya rufe hasumiya ruf.

"Abba! Sun haɗu! Wallahi ya je wurinta!"

Abba ya yi dariya, amma da ya bi yatsana da ido sai dariyar ta tsaya. Itace ba ya tafiya. Mu ne muke tafiya, brusi yana jan ciki a yashi, kuma a bayanmu ruwan ya fara yin duhun nan. Ya zabura ya kama igiya zai ƙara tamkewa. Daga ƙarƙashin rawani murya ta fito, ba ko alamar barci a cikinta: "Ya Isa, wannan ba ragon layya ba ne. Saki."

Ban manta fuskar Abba ba. Duk abin da hannunsa ya sani tun yana yaro yana ce masa ja. Ya tayar da inji, ya ɗago brusi, ya koma kan farin yashi, ya sake jefa shi, sannan ya fara sakin igiya, yana auna ta da buɗin hannuwansa, gaba ɗaya, gaba biyu, yana ƙirgawa, har igiyar ta ninka zurfin ruwan sau biyar ta kwanta a karkace. Jirgin ya ja baya, ya yi wata 'yar girgiza, ya tsaya cak. Abba ya zauna kusa da ni muka zuba wa dabino da hasumiya ido. Tazararsu ba ta ƙara motsi ba.

"Halas, shi ke nan," in ji Baba Rayyis. "Wanda brusi ya ja masa sau ɗaya ya ji tsoro, shi nake ba wa jirgi. Amma ka riƙa zuwa da uwargidana, ta fi ka ido." Rigar Sallata ta jiƙe sharkaf da ruwan gishiri, Umma kuwa da ta ji labari ko kallon rigar ba ta yi ba.

Shekara ashirin Abba ya yi a jirgin nan, ban sake tattaka masa baya ba. Yanzu gine-gine sun cika bakin Abhur, na nemi dabinon nan na rasa, kuma an ce jiragen yau na'ura ce take kuka idan brusi ya ja. Ba a bukatar yarinya mai mafarki a gaban jirgi. Ranar da zan bar Jidda zuwa gidan mijina a Zinder, Umma tana kuka tana cewa nisan ya yi yawa, Abba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Bar ta ta je. Na koyi saki." Duk Alhamis da hantsi wayata takan yi ƙara, in ji muryarsa da ƙarar ruwa a bayanta. Har yau igiyar nan ba ta ja ba.