Faifan Iyon Da Ya Fi Ƙarfina

A gidanmu ba a saya wa mutum abu daidai da shi. Takalmin sallah sai an cusa masa tsumma a gaba, riga kuwa sai an naɗe hannunta sau biyu. In ka yi ƙorafi Inna ta ce, "Za ka girma ka same shi." Da wannan tarbiyyar na je Kuala Lumpur karatun digiri na uku.

Lokacin kullen korona ina zaune ni kaɗai a wani bene a unguwar Taman Melati, daga ɗaki sai baranda. Kaɗaici ya ishe ni, sai na ƙudura shiga gasar nan mai kashi uku, iyo da tseren keke da gudu, duk ranar da aka buɗe gari. Ba kofi nake nema ba, abin da zai riƙa tashe ni da safe nake so. Keke da gudu ba su ba ni tsoro ba. Iyo ne matsalar, don a kududdufin bayan unguwarmu na koye shi.

Da aka sassauta doka aka buɗe wurin iyon benenmu, sai na yi odar faifan iyo, wata roba mai faɗi da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara ƙarfin jan ruwa. Girma uku ne da shi, ƙarami da matsakaici da babba. Ko tsayawa tunani ban yi ba na danna babba.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasar a benen, tsohon mai koyar da iyo, ina ce masa Pak Cik, wato kawu. Da ya ga faifan a hannuna, daga nesa ya tsaya, da takunkumi a fuska, ya buɗe mini tafinsa.

"Ya yi maka girma fa. Kada faifai ya wuce tafinka da fiye da faɗin yatsa. Yawan ruwan da yake kwasowa, kafaɗarka ce ke ɗauka."

"Boleh, Pak Cik, zan saba," na ce, wato zan iya, da yarensu.

A raina na ce tsoho bai san ƙashin Bakano ba. Makonnin farko kuwa kamar ni ke da gaskiya, ina keta ruwa ina satar kallonsa ko ya gani. Daga nan kafaɗar dama ta fara tsami, na yi biris da ita, har ranar da na tashi sallar la'asar na kasa ɗaga hannu in yi kabbara. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Likita ya hana ni ruwa na watanni.

Aka buɗe gari, gasar ta zo ta wuce ina gefen titi ina tafa wa wasu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ga shi ba wanda zan ɗora wa laifi. Da na warke Pak Cik ya ba ni nasa faya-fayan ƙanana, ko sau ɗaya bai ce mini "ai na gaya maka" ba.

Na kira Inna na ba ta labari, har na ɗaga mata manyan a waya ta gani. Ta yi mini sannu, ta tambayi me zan yi da su. Na ce zubarwa.

"A'a, ka ajiye su," ta ce. "Za ka girma ka same su."

Shekarata arba'in ba ɗaya a lokacin, da furfura a gemu. Ita kaɗai ta rage a duniya mai jiran in ƙara girma. Har yau suna nan a ƙasan akwatina.