Ƙafar Baya ta Motar Hammadu

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motar Illela ya san Hammadu, ko bai san sunansa ba ya san wuyansa. Dogo ne na ban mamaki. In ya miƙe a bakin tasha, 'yan canji sukan roƙe shi ya leƙa musu yadda farashin kuɗin sefa ya kwana a Birnin Konni. Mu taubasansa mun daɗe muna neman a yi masa rami a rufin mota don kansa ya samu wurin shan iska, ya ƙi.

A bayan shanu ya tashi, can wajen Tozai. Sandar kiwo ta riga alƙalami zuwa hannunsa, kuma da ta zo ba ta bar wa alƙalamin wuri ba. Mahaifinsa, Baffa Yari, ya taɓa mallakar garken da in ya tsallaka titi sai direbobi su kashe mota su yi sallah su dawo. To, gonaki suka cinye burtali, cuta ta ɗebi nata, idon tsoho kuma ya fara yin yana. Suka dawo gefen gari da zama. Wata safiya Baffa ya ce a kora ragowar shanun zuwa kara, kasuwar shanu, a sayar, a saya wa yaron mota, tunda ya iya tuƙi. Bai ce Hammadu ba, don ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakin tsohon ba. "Wanga", wato wannan, yake ce masa.

Aka sayo mota, tsohuwa ce amma mai haƙuri. Hammadu ya shiga jigilar fasinja tsakanin Illela da Sakkwato, sai dai kiwo bai fita daga jininsa ba. Ba ya ajiye ta sai a inuwa. Kafin ya tayar da ita sai ya shafa mata gefe ya yi mata magana da Fulatanci. Akwai mai rantsuwa cewa ya gan shi yana miƙa mata kanwa, amma wannan ba a tabbatar ba.

Bayan damina sai ƙara ta ɓullo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga tayar baya ta hagu. In ya taka wuta ƙarar ta yi sauri, in ya rage ita ma ta rage. In motar ta cika da mutane da buhunan albasa, abin sai ka ce maƙera sun buɗe reshe a ƙarƙashin kujera.

Fasinja kuwa kowa bakanike ne. Wani ya ce boris ɗin cikin taya ne, wani ya ce birki, wata tsohuwa ta ce a daina wucewa ta gindin tsamiyar nan da rana tsaka.

Hammadu bai yi dariya ba. Wannan mota ita ce garken ubansa gaba ɗaya, an narkar da shi an zuba a taya huɗu. In ta lalace, da wane baki zai gaya wa tsoho? Tsohon kuma kullum da la'asar yana zaune a ƙofar gida kan buzunsa, ido ya tafi amma kunne kamar na zomo. Sai Hammadu ya yi dabara irin tasa: ya riƙa barin motar a bayan wani masallaci nesa da gida, ya ƙarasa da ƙafa, don kada Baffa ya ji tana ɗingishi.

Ya kai ta garejin Sufyanu, abokinsa bakanike. Sufyanu ya sa jak ya ɗaga tayar, ya juya ta da hannu, ya kara kunne. Shiru.

"Lahiya lau take," in ji shi. "Ko dai wuyanka na ka ƙara in ka juya?"

"Sufyanu, bar wasa. Ƙahwag ga tana ciwo."

"Taya aka cewa, Bahillace. Saniya ka da ƙahwa."

Duk da haka ya ɗaure notuka, ya duba birki, ya cire dutse daga tsagin taya. Hammadu ya hau titi, ƙwas, ƙwas. Ya dawo aka canja boris aka cika giris. Ya hau titi, ƙwas, ƙwas. Da an ɗaga ta a jak sai ta yi tsit kamar mara lafiyar da ya ga allura.

A gida kuma wani abu ya taso. Matarsa Kubra ta tare shi a zaure ta ce, "Baffa ya rage cin abinci. Hurar ma sai shi kurɓa shi aje. Ba shi cewa komi, sai dai shi tambaye ni ko da ƙahwa ka dawo."

Hammadu ya ɗauka tsoho ya riga ya gane motar ta samu matsala.

Washegari ya koma gareji ya ce ba zai tafi ba sai an gano. Sufyanu ya daɗe yana kallon motar yana sosa ƙeya.

"Ka ce in ta yi nauyi abin ya hi tsanani?"

"Ƙwarai."

"Mu ko kullum hwanko muka ɗaga ta. In an ɗaga, taya na sauka ƙasa, abin da ka taɓa ta sai shi bar taɓa ta. Yau da kaya za mu saurare ta."

Aka tara duk mai ƙiba da ke kusa da garejin: mai shayi, mai faci, da wani ɗan canji da ya zo wucewa, wanda shi kaɗai ya kai buhu uku. Aka cusa su a kujerar baya. Aka kashe inji, Hammadu ya tura, Sufyanu na bin tayar a tsugunne kamar mai kamun fara. Ƙwas. Ƙwas.

"Tsaya."

Ya kwanta ya zura hannu bayan tayar, ya lalubi wani dunƙulen busasshen taɓo da ke reto a jikin sifirin, ƙarfen da ke ɗauke nauyin mota. Ya yanko shi ya buga a ƙasa. Taɓon ya farfashe, sai ga ɗan guntun ƙaho, tsawon yatsa, an huda shi an zura igiyar fata.

Ɗan canji ya ce sammu ne, ya fice daga motar da saurin da ba a san yana da shi ba. Hammadu ya karɓi ƙahon ya juya. Ya san shi. Na Wule ne, uwar garkensu, wanda ya karye tun tana karsana, tsoho ya ajiye a jakarsa. Ya san ƙullin ma, irin wanda ake ɗaure maruƙa da shi ne, kuma hannu ɗaya ne ya koya masa shi, hannun Baffa.

A ranar, da motar ya koma gida. Ta zo shiru kamar sabuwa, ta tsaya a ƙofa. Baffa Yari yana kan buzunsa, bai ko ɗaga kai ba, ya ɗauka motar wani ce. Hammadu ya durƙusa ya sa masa ƙahon a tafi. Tsoho ya shafa shi da babban yatsa.

"Wa ya kwance?"

"Bakanike, Baffa. Shi na ka ta bugun ƙarhen taya. Na ɗauka motar ta lalace."

"Shi ya sa kake zuwa da ƙahwa?"

"Na ji kunyar ka ji."

Tsoho ya ce, "Ni ko na ɗauka ka saida ta kana ɓoye min. Don tsari niɗ ɗaura, ban san za shi yi magana ba. Amma da ya hwara, duk motocin ga da ka wucewa, ita ɗai nika ganewa. Tun daga kwanar titi nika sanin kai na."

Hammadu ya juya wuyan nan nasa yana kallon sama, wai wani abu ya faɗa masa a ido. Da tsawonsa, abin da zai kai idon sai dai tsuntsu.

Da safe ya ɗauko Sufyanu a kan babur. Bakanike ya dudduba ya nuna wurin da ƙahon zai riƙa taɓa ƙarfe ba tare da ya kusanci birki ba, ya ɗauko waya zai ɗaure. Baffa ya ce a'a, ba a ɗaure Wule da waya. Aka shimfiɗa buzu kusa da tayar, tsoho ya kwanta a kai, Hammadu ya kama hannunsa ya kai shi wurin.

"Nan, Baffa. Ɗan matsa sama."

"Sake min hannu, wanga," in ji tsoho. "Ƙulli ba ya son ido."

Sufyanu ya riƙe wa tsoho hula har ya gama.