Taken Gidanmu a Guntuwar Gita

Kafin a taɓa tsirkiya, baƙin akwatin nan na ƙara murya da ake jona wa kuran, wato lantarki, yakan yi wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar zanzaro na gini a ɗaki. Duk sa'ad da na ji shi sai in gan ni a bukkar babanmu, can ƙauyenmu na wajen Bambeye, ina ƴar yarinya, ina kallon gurumi rataye ga dirka. Ku zauna ku ji, don abin da na gani da tsufana har yau ban gama mamakinsa ba.

Babanmu makaɗin noma ne. In damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, anka kira gayya, shi ke bin bayan manoma da gurumi. Ƙasarmu dutse ce da jan tsakuwa, hauya kuka take a cikinta, amma muryar gurumin Baba ta fi kukan hauya nisa. Mu yara muna can bakin gona muna gadin ƙoren fura, muna jin shi sarai. Kowane gidan makaɗa da takensa. Namu Baba ya karɓo shi ga ubansa, kuma in ya sako shi sai ka ga hauyoyi sun tashi tare sun sauka tare.

Taken nan ba a rera shi da baki, ko da wasa. Haka munka tarar. Hannu ke koya wa hannu, a zaune, gwiwa da gwiwa. Yaron da anka ji shina fito da shi, Inna kan buge mishi baki tun bai kai ƙarshe ba.

Mu biyu Allah ya bar wa iyayenmu, ni da yayana. Da Yaya ya zama saurayi, Baba ya auna hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya ƙara taƙi, ya saro sanda daidai wannan tsawo. Ina tuna warin ɗanyar fata da anka ja bisa ƙoƙo, da yadda anka shanya shi kan rumbu muna korar karnuka. Kafin kaka ta zagayo Yaya ya riƙe taken gidanmu duka.

Sai rani ya zo. Ya kai shanun kawunmu ruwa ga wata rijiya mai zurfi ta wajen Tebaram, irin wadda raƙumi ke jan gugarta. Raƙumin ya zabura, igiya ta naɗe mishi hannun hagu. Bisa jaki anka dawo da shi. Maɗori ya yi iyakar yinsa, hannu ya warke, amma yatsu biyu sun lanƙwashe sun kwanta cikin tafi, sauran kuma ba su buɗewa fiye da abin da zai riƙe goro. Ya ɗauki guruminsa, yatsa ya kama wuri guda, na biyu ya kasa kai nasa wurin.

Inna ta ce, "Maigida, ka rage mai sandar mana."

Baba ya ce, "In nir rage, wa ka jin shi? Gurumin yara na. Ko zaure ba shi hita, bale ƙarshen gona."

Duk da haka ya gwada. Ya yanko gajeruwar sanda ya haɗa. Yatsun Yaya sunka kai, amma muryar sai ka ce ɗan tsako ya faɗa randa. Yaya ya kaɗa sau ɗaya, ya dubi Baba, ya aje shi a hankali bisa tabarma. Daga ranar bai sake taɓa tsirkiya ba. Baba ya rasu bai ba kowa taken ba sai shi. Yaya ya yi ta tahiyar bida, neman kuɗi a Abijan da sauransu, har ƙarfi ya ƙare, ya dawo ya zauna ɗakin zaurena a nan Tahoua. In wanzami na yi mishi aski nakan tsaya in dubi kan nan nasa, in ce a raina, taken gidanmu na ciki, kuma da shi za a rufe.

Ina da jika, ɗiyar ɗiyata, tana karatu a lise, babbar sakandare. Ta shiga cikin masu koyon kiɗan gita irin na mutanen arewa. Wata rana ta shigo da tata, ja wur, guntuwa. Na juya ta gaba da baya. Ba ciki, ba fata, ba rami, katako ne sumul kamar marfin akushi, da ƴan ƙarafuna a gicciye bisa sandar. Na ce, "Ina cikinta? Daga ina murya za ta hito?"

Ta ce, "Kaka, sai an jona." Ta ce babbar gita ta fi ƙarfin hannunta, kafaɗa ke ciwo, yatsu ba su kai. Wannan kuwa ƙarafunanta kurkusa suke, tsirkiyoyinta da laushi, ko yini ta yi tana kaɗawa ba ta gajiya. Samari na mata dariya wai abin wasan yara ta ɗauko, ita ko a jikinta.

Yaya na kishingiɗe a inuwa. Kun san tsakanin kaka da jika ba a rasa tsiya. Ya ce, "Amarya, wagga ko an yaye ta? Maida ta ga uwatta ta ƙara shan nono."

Ta ce, "Angona, baki dai gare ka. In ka iya, amshi."

Yarinyar ba ta san komi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Tun muna ƙauye ba mahalukin da ya miƙa wa Yaya abin kiɗa. Na buɗe baki in tsawata mata, sai na ga ya miƙa hannu.

Ya ɗora ta bisa cinya. Ya sa hannun nan na hagu ga sandar, yatsa ya kama wuri guda, na biyu ya sauka inda ya so ba tare da ya miƙe ba. Ya kaɗa. Murya ta hito ƴar siririya. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar nan ta gaban Baba. Ya ce, "Na san wagga murya," ya fara sauke ta.

Jikata ta ce, "Tsaya, tsoho, ban jona ba." Ta cusa waya, ta murɗa wani abu ga akwatin da ke can jikin bango. Yaya ya sake taɓa tsirkiyar.

Kaji sunka watse. Faifan da ke hannuna ya faɗi, gero ya zube. Abin na hannun Yaya, amma muryar daga bango ta hito, ƙatuwa, har cikin haƙarƙarina. Na yi a'uziyya na ja da baya, don ni a sanina murya ba ta rabuwa da jikin mai ita. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya lafiya. Yaya kuwa hannunsa kawai yake kallo, kamar baƙo ne.

Bai maida mata ranar ba. Ya sa ta sassauta tsirkiyoyi uku har sunka yi daidai da na gurumi, sauran ya ce ba ruwansa da su. Kullum bayan la'asar shina lalube, yatsu na tuntuɓe. Wata la'asar ina wanke tukunya sai na ji shi. Taken gidanmu, da ƙarfinsa na gona, a tsakar gidana cikin birni. Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba, hannuwana na ɗigar da ruwa. Wallahi na waiga ina neman Baba.

Ya kai wurin da taken ke hawa sama, inda manoma ke isa bakin kuyya su juyo. Nan ya tsaya. Ya koma farko, ya zo wurin, ya tsaya. Na dubi yatsunsa, ba su ne sunka gaza ba, suna jira. Ya ɗago kai ya ce, "Ke, daga nan ƙaƙa shika tahiya? Yi min shi da baki."

Ɗan Baba ne ke cewa in rera take da baki. Na yarda zan yi, ko Inna za ta taso daga kabari. Na buɗe bakina, ban tarar da komi ba. Na lalubi kaina lungu-lungu. Ina jin ƙamshin gonar, ina ganin hauyoyi, amma sautin babu. Duk shekarun nan ina tsoron ranar da za a rufe taken da Yaya, ashe rabinsa ya riga mu tahiya muna zaune, ba wanda ya ji fitarsa.

Abin da ya saura ya zaunar da jikata ya ba ta, gwiwa da gwiwa. Mace, kuma da abin Nasara mai cin kuran. Da ta riƙe, ta zo wurin da ya yanke, ba ta tsaya ba. Ta ɗora nata, wani kiɗa mai rangaji kamar tahiyar raƙumi.

Na ce, "Ba haka shike ba."

Yaya ya ce, "To ƙaƙa shike?"

Na samu wuri na zauna.

Ya ce, "Bar ta ta kai su bakin kuyya. Ba a barin mutane tsakiyar gona."

Yanzu ko a ƙauye gayya ta yi wuya, samari sun tahi bida, wanda ya rage da waya a aljihu yake noma, ita ke yi mishi kiɗa. Jikata kuwa wurin biki take kaɗa taken nan, ƴan mata na rawa, ba wadda ta san na hauya ne, ba wadda ta san inda anka yi mishi ɗori. Ni na sani. In tana gwadawa a gida, rabin farko nakan miƙe tsaye, don na Baba ne, in ta shiga nata sai in koma in zauna. Shekaranjiya ta kaɗa har ƙarshe, sai da ta zare wayar na lura ina nan tsaye.